Ƙyandar Jamus da Dokokin Hana Yaɗuwarta: Waiwaye Cikin Tarihi

 Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda hukumomin kiwon lafiya suka yi ta sake dabara wajen yaƙi da cutar rubela, watau wadda aka fi sani da ƙyandar Jamus.

Likitocin Jamus ne suka fara bayyana wannan cuta a ƙarni na 18, abin da ya jawo mata wannan laƙabi ke nan. A shekarar 1866 wani likitan sojan Ingila, Henry Veale, ya raɗa mata suna rubela bayan ya ga ta ɓarke a wata makaranta a Indiya, kuma a 1881 babban taron likitoci da aka yi a Landan ya amince cewa cuta ce dabam da ƙyanda. Duk da haka ba a ɗauke ta a bakin kome ba, domin ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje da kaluluwa a bayan kunne, waɗanda kan wuce cikin kwana uku.

Sai a 1941 aka gane cewa ruwa ba ya tsami banza. Wani likitan ido a birnin Sidni na Ostareliya, Norman Gregg, ya tattara labarin jarirai 78 da aka haifa da yanar ido, ya tarar uwayen 68 daga cikinsu sun yi rubela a farkon ciki. Bincike ya tabbatar daga baya cewa idan cutar ta kama mace a makonni 12 na farko, kimanin tara cikin goma na jariran sukan sami lahani, kamar kurumta, ko makanta, ko ciwon zuciya, wani cikin ma ya zube.

Matakin farko da hukumomi suka ɗauka shi ne killacewa: yaron da ya kamu ya zauna gida kwana bakwai bayan fitowar ƙuraje, a kuma nesanta shi daga masu juna biyu. Amma wannan bai wadatar ba, saboda mutum yakan fara yaɗa cutar mako guda kafin ƙurajen su bayyana, kuma kusan rabin waɗanda suka kamu ba su nuna wata alama. An ga iyakar wannan doka a Amurka a 1964 zuwa 1965, inda mutum miliyan 12 da rabi suka kamu, aka haifi jarirai wajen 20,000 da lahani.

Da ma an ware ƙwayar cutar a 1962, sai aka sami allurar rigakafi a 1969. A nan ra'ayi ya rabu biyu. Amurka ta zaɓi yi wa ƙananan yara, maza da mata, don a katse hanyar cutar. Ingila kuwa, daga 1970, 'yan mata 'yan makaranta ta riƙa yi wa, don a kare uwayen gobe. Wannan ya rage ɓarna, amma cutar ta ci gaba da yawo tsakanin yara maza, har ta riƙa riskar matan da aka tsallake. Saboda haka a 1988 Ingila ta koma yi wa dukkan yara.

Ƙasar Girka ta ba da darasi mafi ɗaci. A shekarun 1980 ƙasa da rabin yaranta aka yi wa allurar, sai cutar ta lafa kaɗan, 'yan mata da yawa suka girma ba su kamu ba, ba a kuma yi musu rigakafi ba. Da annoba ta zo a 1993 ta same su a shekarun haihuwa, aka haifi jarirai masu lahani. Nahiyar Amurka, wadda ta dage a kan yi wa kowa, ita aka fara tabbatar wa kawar da cutar a 2015.

A watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta ƙaddamar da allurar ƙyanda da rubela a haɗe, ga yara daga wata tara zuwa shekara 14. Ku da za ku riƙe ofisoshin lafiya da ilimi, sai ku tuna da Girka: rigakafin da aka fara aka bari a rabi yana iya mai da haɗarin kan masu juna biyu. Wajibi ne a kai shi kowace unguwa da ƙauye, kowace shekara, ba fashi.