Aikin Walfiya a Ƙasar Jama'a: Daga Tashar Jirgi Zuwa Riƙon Marayu

Tun kafin gwamnati ta sa hannu a riƙon yara, mutanen Kagoma da sauran ƙasar Jama'a suna yin abinsu. Mace ta rasu ta bar jinjiri, kafin a tashi daga zaman makoki an san wace gwaggo ko inna za ta goya shi. A gidajen Hausawan Kafanchan kuwa, ɗan fari ko iyayensa na raye kaka ce ke ɗauke shi bayan yaye, saboda kunya. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda matar da ba ta haihu ba a ƙasar Zazzau ta raini 'ya'yan dangi. Ba takarda, ba alƙali.

Ofishin walfiya, wato na kula da jin daɗin jama'a, ba don wannan aka kafa shi ba. Turawa sun fara aikin ne a Legas a farkon shekarun 1940, ƙarƙashin wani Donald Faulkner, kuma abin da ya dame su shi ne yaran da ke gararamba a titi suna yankan aljihu. Daga nan dokar yara da matasa ta 1943 ta fito, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1958. Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927, inda layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu, don haka yaron da ya gudo daga gida sau da yawa a nan yake sauka. Manyan jami'an walfiya da suka koya mana aiki sun ce rabin ranarsu tsakanin tasha da ofishin 'yan sanda da kotu take ƙarewa, suna rubuta wa alƙali rahoto ko a mayar da yaro gida ko a tura shi gidan horo. Ragowar rabin kuma sulhun ma'aurata ne da karɓar kuɗin ciyarwa daga uban da ya yi kunnen uwar shegu. Jinjirin da ya rasa mai goyo, idan an samu, yawanci wurin 'yan mishan ake kai shi.

Rikici ne ya sauya mana aikin. Na Kafanchan a watan Maris na 1987, na Zangon Kataf a 1992, sai na bayan zaɓen Afrilun 2011 wanda ya fi su muni, sannan hare-haren Godogodo da Goska a 2016. Riƙon gargajiya yana tafiya ne idan dangi na nan zaune a gidajensu. To, ga shi gwaggon da za ta goya yaron ita ma tana kwance a ajin firamare da tabarma ɗaya, kawun kuma ba a san inda ya nufa ba. A nan ne jami'in walfiya ya zama mai cigiyar dangi. Ka hau acaɓa ka je wurin mai unguwa, ya tura ka ga dagaci, dagaci ya ce ka nemi shugabar Zumuntar Mata ko limamin unguwa, don su ne suka san wa ya auri 'yar wa. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai faɗa maka sunan kakansa ba, amma zai faɗi abin da ake kiran karensu, kuma wani lokaci da wannan ake gane gidan.

Abu ɗaya da ba ma wasa da shi a wannan ƙasa shi ne addini. Ɗan Kirista gidan Kirista, ɗan Musulmi gidan Musulmi. Jami'in da ya yi sakaci a nan, komai kyan niyyarsa, wuta ya kunna.

Doka ta zo ne a makare. Tarayya ta yi dokar 'yancin yara a 2003, amma sai a 2018 Jihar Kaduna ta kafa tata ta kula da yara da kare su, bayan doguwar muhawara a Arewa kan shekarun aure da kuma mayar da ɗan wani naka, abin da shari'ar Musulunci ba ta yarda da shi ba ko da yake ta kwaɗaitar da riƙon maraya. Dokar tarayya ta ce kotu ce ke ba da izinin riƙo, mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21, kuma kada ya riƙe fiye da yara 3 sai da dalili na musamman. Da farko mutanenmu sun ɗauki abin raini ne. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, ɗan ƙanena ne fa. Sai na je kotu kafin in ba shi tuwo?" Ban ga laifinsa ba, kuma har yau yawancin riƙon dangi ba ya zuwa gaban alƙali. Amma da aka gano yaran Kano da aka sace aka kai Anaca a 2019, aka sauya musu suna, masu ƙyamar takarda da yawa sun sassauto.

A ganina, duk da haka, takarda ce mafi sauƙin ɓangaren aikin. Ziyara ce aikin. Ba na sanar da zuwana, kuma ba falo nake dubawa ba. Ina duban inda yarinyar da ake riƙo take kwana, ko kwano ɗaya take ci da 'ya'yan gida, ko sunanta na cikin rajistar makaranta kuma malamin ajinta ya san fuskarta. Lokacin haƙar citta nakan kama hannunta kamar gaisuwa. Kowane yaro a Kagoma yana zuwa gona, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne tafin hannunta ya tsattsage alhali na 'yar gida sumul.

"Mama, ina 'yar tawa?"

"Ta je rafi, Malam. Zauna mana ka sha ruwa."

Sai in zauna. Idan zuwa uku a jere tana rafi da ƙarfe goma na safiyar makaranta, na samu amsata. Ko a nan ba ɗauke ta ake fara yi ba, domin gidan marayu ba ya maye gurbin dangi. Sai a kira fasto ko liman da babban gida a zauna, a yi magana a fili, a sa ranar dawowa.

Abin da matasan jami'ai suka fi mantawa shi ne gonar uban yaron. Sau da yawa mai riƙon yaro shi ne mai noma ta, kuma shekara goma sha biyar sun isa a manta ta wane ne. Shi ya sa tun ranar farko muke zagaya iyakarta da dagaci da shaidu biyu daga dangin uba da na uwa, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗin yaron, ɗaya ya zauna a wurin hakimi har ya girma.