Takarda Ce Ta Raba Tsufansu

Dattawan zangonmu na Zugurma kashi biyu ne. Akwai masu jiran ƙarshen wata fansho ya shigo, akwai waɗanda har yau sai sun fita da fartanya ko sun kwana gadin shago kafin a ɗora tukunya a gidansu. Sa'annin juna ne, wasu ma wuri ɗaya suka zubar da gumi. To, a ina aka rabu?

A zamanin kakanninmu fatake masu bin hanyar Gwanja, tsufa bai bukatar takarda. In ƙafa ta gaji, sai falke ya zauna a zango ya zama fatoma, yana saukar da baƙi yana cin la'ada, 'ya'ya da barori suna noma gandu. Gandun nan shi ne fanshonsu.

Abin ya sauya a 1964, da aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji. Samari suka bar gandu suka tafi neman kuɗin aiki. Da aka gama a 1968, 'yan kaɗan ne aka riƙe a matsayin ma'aikatan dindindin a hukumar madatsun, wadda aka haɗa da hukumar lantarki a 1972 ta zama NEPA. Sauran leburori ne masu biyan rana. Aiki ya ƙare, aka sallame su, ba garatuti ba fansho.

Da suka dawo gida, daji ma bai daɗe a hannunsu ba. Gwamnati ta keɓe dajin Zugurma, daga baya ta haɗa shi da na Borgu ya zama gandun dajin ƙasa na tafkin Kainji. Maharbi da mai ɗiban zuma suka wayi gari sana'ar gado ta zama laifi.

Sai ƙarin albashin Udoji na 1974. Masu takarda suka karɓi ariyas, aka sayi babura da rediyo, farashi ya tashi wa kowa, har da leburan da bai ga ko kwabo ba. Amma su ma masu takardar ba su tsira ba. Tun daga tsarin SAP na Babangida a 1986 naira ke faɗuwa, fanshon da ke ciyar da gida ya koma na sayen magani. Dokar fansho ta 2004 ta kawo asusun da ma'aikaci da mai aiki ke zuba kuɗi, sai dai manomi, mahauci da ɗan dako ba su ciki. Sai a 2019 aka buɗe ƙaramin tsari domin masu sana'ar kansu, lokacin leburorin Kainji sun haura saba'in. Ihu bayan hari ke nan.

An cire tallafin mai a 2023, an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wane mai shago a zangon nan ke biyan tsohon maigadinsa ko rabin haka?

'Yan acaɓanmu da masu sana'ar cajin waya su ne leburorin Kainji na yau: kuɗi a hannu, ba takarda, ba gandu. Ya kamata ƙungiyoyinsu su buɗe adashin tsufa tun da sauran ƙarfi, mu kuma zakkarmu ta amfanin gona ta fara da dattawan unguwa kafin ta haura waje. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.