Rubutu Mai Tafiya a Allo da Ƙugiyar da Ta Faɗi a Hanya

A Sabon Garin Wudil, kamar a kowane gari na ƙasar Kano, bidiyon biki ko na saukar karatu ba ya cika sai da rubutu a farkonsa. Sunan ango da na amarya su bayyana harafi bayan harafi, kamar wani na buga su a ɓoye, sannan jerin 'yan uwa da abokan arziki ya taso daga ƙasan allo ya haura sama. Matashin da ya haɗa bidiyon bai wahala ba: manhaja irin CapCut ko KineMaster ce ta ba shi salon a shirye cikin wayarsa. Sai dai wanda ya lura zai ga sau da yawa an rubuta "manyan baki" inda ake nufin manyan baƙi, ko "kauna" a madadin ƙauna. Tafiyar rubutun da ɓacewar ƙugiyar tarihinsu ɗaya ne, kuma ya faro nesa da Wudil.

Rubutu ya fara tafiya a gaban jama'a tun kafin talabijin ta shiga gidaje. A watan Nuwamba na 1928 jaridar New York Times ta kewaye gininta da ke dandalin Times Square da ƙwayayen lantarki fiye da 14,000, waɗanda ke kunnuwa suna mutuwa bi da bi har ido ya ga kamar haruffa na gudu. Sakamakon zaɓen shugaban Amurka da Herbert Hoover ya lashe shi ne labarin da aka buɗe allon da shi. Masu fim ma sun daɗe da gane amfanin rubutu mai motsi. Dogon bayanin da ke buɗe fim ɗin Star Wars na 1977, wanda ke nisa har ya ɓace cikin taurari, ba da kwamfuta aka yi shi ba. An shimfiɗa rubutun a ƙasa kan wani faifai mai tsawon kusan ƙafa shida, aka riƙa jan kyamara a hankali a kansa, ana maimaitawa har tafiyar ta yi santsi.

Salon da ake kira na kwamfuta kuwa, wato haruffa masu faɗi ɗaya da ke fitowa ɗai-ɗai, asalinsa gazawar na'ura ce. Injin Teletype Model 33, wanda ya fito a 1963 kuma aka yi ta amfani da shi wajen magana da kwamfutocin farko, haruffa goma kawai yake iya bugawa a daƙiƙa, su ma manyan baƙaƙe zalla. Da allo ya maye gurbin takarda, layin sadarwa bai daina jan ƙafa ba, don haka rubutu ya ci gaba da zuwa kaɗan-kaɗan. Idan allo ya cika, layin sama ya ɓace domin na ƙasa ya sami wuri. Koren launin da aka san shi da shi ma daga sinadarin da ake shafa wa cikin gilashin allon ya samo asali. Babu wanda ya zaɓi waɗannan siffofi don ado.

Amma da na'urori suka yi sauri, masu fim suka riƙe tsohuwar kamar, domin mai kallo ya riga ya saba: da ya ga koren harafi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ya san inji ne ke magana. Fim ɗin The Matrix na 1999 ya kai salon ƙololuwa da ruwan koren rubutu mai zubowa daga sama. Simon Whiteley, wanda ya tsara shi, ya cakuɗa lambobi da haruffan boko da haruffan katakana na Japan da aka juya su kamar a madubi. A tsakanin nan kayan aikin sun sauko daga manyan kamfanoni zuwa teburin mutum ɗaya: Adobe Premiere ta fito a 1991, After Effects a 1993. Abin da a da ake kwana ana jan kyamara dominsa ya koma sanya alama biyu, ɗaya inda rubutu zai tashi, ɗaya inda zai tsaya, kwamfuta ta cike tsakani.

A ƙasar Hausa allo ya fara ne da murya. Majigin da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da shi gari-gari yana tafe da mai sharhi, wanda ke bayyana wa jama'a abin da suke gani da Hausa ta lasifika. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, talabijin ta iso Kaduna a 1962, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa tashar CTV ta Kano a farkon shekarun 1980, wadda yau ke ɗauke da sunansa. Sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyon Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Daga nan rubutun allo ya zama aikin yau da kullum a Kano: sunan fim, jerin 'yan wasa, godiya ga waɗanda suka ba da aron gida ko mota, daga baya kuma fassarar Turanci a ƙasan hoto domin masu kallon da ba sa jin Hausa.

A nan ne matsalar ta ɓullo. Rubutun boko na Hausa yana da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda suka tabbata a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya. Nijar kuma ta ƙara da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfutoci suka ginu a kansa, gurabe 128 ne da shi, an kuma cike su da haruffan Turanci da lambobi da alamomi. Na'urorin rubuta suna a bidiyo da aka ƙera don kasuwannin Japan da Turai da Amurka ba su san da ƙugiya ba. Wanda ke haɗa fim a Kano ba shi da zaɓi: ko ya rubuta "kasa" ya bar mai karatu ya gane ƙasa ake nufi, ko ya koma Turanci baki ɗaya. Da yawa sun yi duka biyun.

An yi ƙoƙarin toshe giɓin. Tsarin Unicode, tun fitowarsa ta farko a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa lambarsa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro samfuran haruffan kwamfuta masu ɗauke da ƙugiyar Hausa, domin marubuta da masu ɗab'i. Yau manhajar rubutu ta Gboard tana da Hausa, kuma samfuran haruffa irin su Noto na Google da Charis da Andika na cibiyar SIL suna da ƙugiyoyin duka, kyauta. Cikas ɗin da ya rage ƙarami ne: yawancin haruffan ado da ke zuwa cikin shiryayyun salon manhajojin bidiyo ba a zana musu ƙ ba, sai ta fito a matsayin akwatin da babu komai ciki, ko da wata siffa dabam da ta 'yan uwanta. Mai gaggawar miƙa aiki sai ya goge ƙugiyar ya huta.

Darasin da ke cikin tarihin koren harafi shi ne gazawar inji takan daɗe bayan injin ya mutu. A can ta zama ado, ba ta cuci kowa ba. A nan tana neman zama ɗabi'a, alhali bambancin ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, bambancin ma'ana ne. Yara da yawa a yau sun fi karanta Hausa a allon waya da talabijin fiye da a littafi, kuma abin da ido ya saba gani shi hannu ke rubutawa. Garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, kamar Wudil, ba zai rasa waɗanda za su iya zana haruffan ado masu ƙugiya su raba wa masu haɗa bidiyo ba. Kafin a kai ga haka, gyaran na hannun wanda ke riƙe da waya ne: ya gwada samfurin harafi da kalma mai ƙugiya kafin ya zaɓe shi, idan ta fito daidai sannan ya sa rubutun tafiya.