Daga Daji Zuwa Birni: Ciwon Shawara da Hanyar Kwanar Dangora

Kwanar Dangora mahaɗa ce. Nan ne hanyar da ta fito daga Jos, ta bi ta Saminaka da Doguwa, ta ratsa dajin Falgore da Tudun Wada, take haɗuwa da babban titin Kano zuwa Zariya. Albarkar wannan hanya sananniya ce ga mutanen Kiru da Bebeji. Amma tarihi ya nuna cewa irin hanyar da ke kawo hatsi da fatake, ita ce kuma annoba take bi ta shiga birni.

A bakin Bahaushe, duk ciwon da ya sa ido ya yi rawaya shawara ne. Wadda ake nufi a nan ita ce ta ƙwayar bairas da sauro yake yaɗawa. Asalin mazauninta daji ne, inda take zagayawa tsakanin birai da sauron da ke hayayyafa a kogon bishiya. Manomi ko maharbi ko makiyayi ya shiga, sauron ya cije shi. Ciwon ba ya bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 6, kafin nan kuwa mutum ya hau mota ya isa gari. A gari akwai wani sauron, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda yake cizo da rana, yake kuma ƙwai a randa da tulu da tsofaffin tayoyi. Shi sauron ba ya tafiya mai nisa. Mutum ne yake ɗaukar cutar daga gari zuwa gari.

Tarihin annobar a Nijeriya ya bi wannan sawu. A shekarar 1969 ta ɓarke a ƙasar Jos, inda ta fi addabar ƙauyuka. A 1986 ta faɗa wa Oju a Jihar Binuwai, inda masu bincike suka ƙiyasta mutum 9,800 sun kamu, 5,600 sun rasu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1987, sai ta shiga garuruwan Jihar Oyo irin su Ogbomosho, inda sauron cikin gida ya karɓe ta. Wannan ne ya nuna cewa birni ma ba tudun mun tsira ba ne.

Bayan dogon shiru, cutar ta sake bayyana a Jihar Kwara a 2017. A watan Agusta na 2019 aka sami wanda ya kamu a Jihar Kano, bayan ya dawo daga gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi. A shekarar ce kuma ta yi ɓarna a Jihar Katsina. Sannan a 2023 aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Sakkwato, wanda shi ma wannan sauron randa ne yake yaɗa shi.

Abin lura ga mutanen kudancin Kano shi ne, daji mai birai da hanyar mota da kasuwa duk sun haɗu a ƙofar gidansu. Sai dai an daɗe da samun kariya. A 1927 aka gano ƙwayar cutar a jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar Gana ta yau, daga ita kuma aka samar da allurar rigakafi a 1937. Tun 2004 allurar tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai a Nijeriya, a wata na 9, kuma sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Saboda haka, ya kamata malamai su riƙa tambayar iyaye katin allurar yara, dattawa kuma su sa ido a rufe randuna, a wanke su duk mako, a kawar da tayoyin da ke tara ruwa a tasha da bakin kasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Allah ya kare mu, amin.