Tarihin Aljabara daga Bagadaza zuwa Paraku da Jugu

A makarantun sakandare na Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, da Faransanci ake koyar da lissafin neman adadin da ba a sani ba, wato aljabara. Sai dai ita kalmar asalinta Larabci ne. Wajen shekarar 820, a Bagadaza, Muhammad bin Musa Al-Khwarizmi ya rubuta littafi a kan dabaru biyu da ya kira al-jabr da al-muƙabala. Jabr na nufin mayar da abin da ya karye yadda yake, kamar ɗorin ƙashi. A lissafi, idan an ɗebe wani adadi a ɓangare ɗaya, sai a ƙara shi a ɓangarorin biyu don a cike giɓin. Muƙabala kuwa ita ce soke abin da ya yi daidai a kowane ɓangare.

Babu harafin x a littafin, babu ma alamomi. Komai da zance aka rubuta shi, abin da ake nema kuma shay' ake ce masa, wato "abu". Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a 1145, shi kuma x sai a 1637 Descartes, mutumin Faransa, ya yaɗa amfani da shi.

Babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, kuma a nan ne labarin ya shafi garuruwan nan biyu. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, sukan yada zango a Nikki da Paraku da Jugu. Wasu Hausawa sun zauna a can tare da 'yan kasuwar Dendi, da malamansu masu karantar da fiƙihun Malikiyya. Idan falke ya rasu, malami ke raba dukiyarsa, kuɗin zamanin kuwa wuri ne.

A ce mamacin ya bar wuri 24,000, da mata ɗaya, da ɗa, da 'ya. Matar tana da tumuni, wato 3,000. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Ɗalibin yau zai kira rabon 'yar x, na ɗan 2x, ya rubuta 3x + 3,000 = 24,000. Ya soke 3,000 a kowane ɓangare, muƙabala ke nan, saura 21,000. Ya raba uku, 'ya ta sami 7,000, ɗa 14,000. Malamin zango ba ya bukatar x, ya cire tumuni ya kasa saura kashi uku. Amsa ɗaya ce, kuma a ganina hanyarsa ta fi saurin shiga kai, ko da yake ta ɗalibin ta fi ta ƙarfi idan wasiyya da bashi suka cakuɗe da gadon. Kuskure a nan ba maki yake ci ba, haƙƙin maraya yake ci.

A 1898 Faransa da Ingila suka raba ƙasar Bargu, Paraku ta faɗa ɓangaren Faransa, haka ma Jugu. Fataucin ayari ya ja baya, wuri ya daina aiki, makarantar boko ta kawo alamomin Descartes. Bayan 'yancin kai a 1960 Faransanci ya ci gaba da zama harshen koyarwa, shi ya sa yaron da ke ciniki da Dendi ko Hausa a kasuwar Jugu yake ce wa darasin algèbre idan ya shiga aji.