Tarihin Kalmomin Shiru da Natsuwa a Harshen Ingilishi

Kalmomin da Ingilishi ke bayyana raguwar hayaniya da samuwar natsuwa da su sun taru ne cikin shekaru fiye da dubu, kuma kowace ta zo da alamar wurin da ta fito, ko daga fada, ko daga teku, ko daga masana'anta. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce "still", wadda tun a Tsohon Ingilishi, wato harshen mutanen Ingila kafin ƙarni na 12, take nufin abin da ya tsaya cik ba ya motsi, domin a wancan zamani rashin motsi da rashin ƙara kusan abu ɗaya ne a wurin mai magana.

Babban sauyi ya biyo bayan shekarar 1066, lokacin da Sarki William na Nomandi ya ci ƙasar Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har kusan ƙarni uku. Ta wannan ƙofa "peace" ta shigo, ta ture tsohuwar kalmar gida "frith", kuma ma'anarta ta farko ita ce zaman lafiyar da sarki ke tsarewa, wanda keta shi laifi ne a gaban alƙali. "Silence" da "quiet" ma ta nan suka biyo, asalinsu Latin ne, ta farko tana nufin kame baki, ta biyu kuwa hutu bayan wahala. Hatta "noise", kalmar hayaniya kanta, a tsohon Faransanci ta haɗa da rigima da cacar baki, abin da ke nuna cewa an ɗauki ƙara a matsayin rashin jituwa tsakanin mutane tun kafin a ɗauke ta a matsayin abin da ke cutar da kunne.

Tarihin "calm" ya fi na sauran jan hankali. Ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 14, ana siffanta lafawar iska da kwanciyar teku da ita, amma tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin zafin tsakar rana, lokacin da mutum da dabba kan nemi inuwa, gari ya yi tsit, yanayin da duk wanda ya san bazara ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. Daga teku ne aka ɗauko ta zuwa zuciyar ɗan Adam.

Zamanin injuna ya sauya tambayar, daga ko akwai shiru zuwa nawa ƙarar ta ragu. A shekarar 1906 wata likita mai suna Julia Barnett Rice ta kafa ƙungiyar yaƙi da hayaniyar da ba ta da dalili a birnin New York na Amurka, bayan ihun jiragen ruwa ya hana marasa lafiya barci, kuma fafutukarta ta kai ga keɓe unguwannin asibitoci a matsayin wuraren da aka hana ƙara. A 1928 injiniyoyin kamfanin tarho na Bell suka raɗa wa ma'aunin sauti suna desibel, don girmama Alexander Graham Bell. Ma'aunin yana hawa ne ta hanyar ninkawa, ta yadda ƙarin desibel 10 ke nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma, ko da yake kunne kan ji kamar sau biyu kawai ya ninka. Majalisar Birtaniya ta kafa dokar rage hayaniya a 1960, wadda ta ba hukumomin ƙananan yankuna ikon ɗaukar mataki a kan mai damun maƙwabta da ƙara.

Tun daga nan harshen ya rabu gida biyu: injiniya da lauya suna magana da lambobi, marubuci da mai wa'azi suna riƙe da tsofaffin kalmomin. Lambobin sun fi amfani a kotu, amma na'urar awo ba ta bambance shirun makabarta da na ɗakin karatu, shi ya sa har yau babu ɗaya daga cikin "still", "quiet" da "calm" da ta fita daga bakin masu harshen.