Raunin tsokokin numfashi bayan cutar korona mai tsanani

Raunin tsokokin numfashi wani yanayi ne da ake samu a jikin wasu da suka tashi daga cutar numfashi mai tsanani da ƙwayar bairos ke haddasawa, kamar COVID-19. Huhun mutum na iya warkewa, amma tsokokin da ke jawo iska cikinsa su ci gaba da kasawa har tsawon watanni.

Huhu ba ya buɗe kansa. Babban aikin shaƙar iska yana kan dayafram, wato shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, sai tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna taimaka mata.

Dalilai

Sanadin da aka fi sani shi ne daɗewa a kan na'urar taimakon numfashi. Idan na'ura ta karɓi aikin, dayafram takan zauna babu motsi, sai ta fara ramewa cikin sauri. Wani bincike da Sanford Levine da abokan aikinsa suka wallafa a New England Journal of Medicine a 2008 ya nuna cewa awa 18 zuwa 69 a kan na'urar sun isa su rage kaurin zaruruwan wannan tsoka da fiye da rabi. Kumburin da cutar ke jawowa a jiki, doguwar kwanciya, da yawan magungunan sitiroyid su ma suna ƙara raunin. A wasu lokuta jijiyar da ke saukowa daga wuya tana ba dayafram umarni ce ke samun lahani.

Alamomi

Mai wannan matsala yakan yi haki idan ya hau bene ko ya sunkuya. Numfashinsa yakan fi ƙunci idan ya kwanta rigingine, saboda kayan ciki suna danne tsokar da ba ta da ƙarfi. Wasu kan tashi da ciwon kai da safe, alamar gurɓatacciyar iska ta taru a jini cikin barci. Sau da yawa ba a gano matsalar da wuri, domin hoton ƙirji na iya nuna huhu lafiya lau.

Bincike da magani

Likitoci kan auna ƙarfin zuƙar iska ta baki, su kwatanta yawan iskar da mutum ke fitarwa a zaune da a kwance, su kuma duba kauri da motsin dayafram da na'urar sikanin.

Ana ba majinyaci atisayen numfashi da wata 'yar na'urar hannu mai takura shigar iska, tare da motsa jiki sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo. Wanda raunin ya yi wa yawa yakan buƙaci na'urar taimakon numfashi ta fuska da daddare.